Ɗakin da Injiniya Ta Goge

Yammacin ranar da abin ya fara, babu gidan da ya kai na Injiniya natsuwa a duk layin. Rana ta sauka bayan dogayen gine-gine, inuwa ta cinye tsakar gida, ruwan shayi yana kan wuta. Mijinta bai dawo daga kantin magani ba tukuna. 'Yarsu, wadda suke kira Auta ko da yake ita ce ta farko kuma ita ce ta ƙarshe, tana zaune a bakin ƙofar falo tana aikin makaranta. Ita kuwa Injiniya tana ƙaramin ɗakin baya, gaban kwamfuta, tana murmushi ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Sai an san matar nan kafin a gane murmushin. Mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Gwangwanayen kicin ɗinta kowanne da sunansa a jiki, har na gishiri, wai kada wani ya ruɗe. Mijinta yakan ce idan ya daɗe zaune wuri ɗaya gabansa faɗuwa yake yi, kada ta haɗa shi da shara ta kwashe. Ita kuma ta ce tsafta cikon addini ce, ta ɗaga masa ƙafa ta share ƙarƙashinta.

A ɗakin bayan nan akwai wata baƙar na'ura da ba a kashe ta dare da rana, wadda masu sana'ar ke kira saba. A kanta wani tsohon wasan kwamfuta yake gudana, wani gari mai lunguna da kasuwa da gonaki, inda mutane daga wurare masu nisa suke haɗuwa su yi gini su yi ciniki su yi faɗa. Yayanta ne ya gina wasan tun yana saurayi, a cikin wannan ɗakin, lokacin da yake zaune tare da su. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ya bar mata na'urar da dubban layukan umarnin da ke tafiyar da wasan, abin da suke kira kod, da wasu mutum uku masu taimako a kyauta da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba.

Yaya gwani ne, Allah ya jiƙansa, amma a wajen aiki ƙazami ne na bugawa a jarida. Abu ɗaya sai ya rubuta shi wuri huɗu. Ya fara gini ya bari, ya fara wani a kansa. Wata shida Injiniya ta yi tana bin bayansa da tsintsiya, tana haɗe abin da ya maimaita, tana sake wa abubuwa suna, tana cire abin da ya mutu. Tana yi tana mita, wani lokaci kuma tana share hawaye, don a cikin hargitsin nan take jin muryarsa.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya. Kullum daidai faɗuwar rana, wasan yakan yi nauyi na minti bakwai, komai ya riƙa jan ƙafa, 'yan wasa su yi ta ƙorafi. A makon nan ta gano dalili. Wani fayil ne mai layi ɗari huɗu, a ɓoye can ƙasan wasu tarkace. Ɗaki yake ginawa a ƙarshen taswirar garin, ɗakin da ba shi da ƙofa, babu ɗan wasan da zai iya shigarsa. A ciki akwai rijiya, da fitila, da tsakuwa bakwai. Kullum fayil ɗin yana lissafa lokacin faɗuwar rana, ya buɗe ɗakin ga wani ɗan wasa da ba shi da suna, bayan minti bakwai ya rufe. Har kuskure ta gani a ciki, wanda ya sa ta yi tsaki: a kusurwar da ke bayan rijiya Yaya ya ƙirga daɓen da ragin taku ɗaya, duk wanda ya taka wurin zai zurma ƙasa ya sake faɗowa daga rufi. A saman fayil ɗin kuwa, inda mutumin kirki zai rubuta dalilin abin da ya gina, kalma uku kawai ya bari: "A bar shi."

Kalmomin nan uku su suka fi ba ta haushi. Ta rubuta wa masu taimakon nan cewa za ta cire. Biyu suka ce madalla. Na ukun, wani dattijo mai yawan tambaya, ya rubuto: "Kin san abin da yake yi?" Ta amsa masa: "Ba ya yin komai." Da azahar ta goge. Kuma da yake ita ba ta yin shara ta bar tari a bayan ƙofa, a ranar ta ƙarasa kwashe aikin zuwa sabuwar ma'ajiya, ta zubar da tsohon tarihin canje-canje gaba ɗaya, ta wanke tsohon faifan Yaya tas. To, dalilin murmushin ke nan. Tana kallon agogo ne ta ga rana ta faɗi, wasan kuwa yana gudu sumul.

Nan ta ji ƙarar farko a kan rufin kwano. Tas. Sai shiru. Sai kuma tas.

Ta fito tana cewa 'ya'yan maƙwabta ba su da tarbiyya. Amma tana tsaye a tsakar gida ta uku ta faɗo, ba daga wajen katanga ba, daga sama sak, daga sararin da babu komai a cikinsa sai jan magariba. Ta huɗu ta faɗo kusa da ƙafar Auta. Da suka cika bakwai sai abin ya tsaya. Injiniya ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta ji ta da ɗumi kamar yanzu aka fitar da ita daga tafin hannun mutum. Ta ɗauko tsintsiya ta share su ta zuba a kwandon shara, ta ce wa Auta ta shiga ciki.

Washegari da magariba tsakuwoyin suka dawo, amma ba faɗowa suka yi ba. An jera su ne a bakin ƙofar ɗakin baya, ɗaya bayan ɗaya, a layi. Mijinta ya tsaya a kansu ya daɗe, hularsa a hannu. Suna nan tsaye suka ji wani sauti daga cikin ɗakin, a ƙarƙashin ƙugin fankar na'urar. Kukan yaro ne ƙarami, irin kukan wanda ya gaji da kuka, yana ja yana tsayawa. Baban Auta ya tura ƙofar ya kunna fitila. Babu kowa sai na'urar da koren haskenta yana ƙiftawa.

"Fankar ce," in ji Injiniya. "Ƙura ta shiga."

Ya dube ta. Shi ya san ɗakin da ta share ba ya ƙura, ita ma ta san ya sani.

A magariba ta uku Auta tana wanke kofuna, sai aka ji ɗaya ya faɗi ya fashe. Injiniya ta leƙo ta ga yarinyar tana tafiya a hankali zuwa kusurwar tsakar gida, bayan tankin ruwa, hannuwanta a sake, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Da ta kai kusurwar sai ta tsaya, ta ɗaga ƙafa ta buga a ƙasa. Ta sake bugawa. Sannan ta haɗa ƙafa biyu ta yi tsalle ta dira, ta sake, ta sake, a wuri ɗaya, a kan siminti, ba takalmi.

"Auta! Ke Auta!"

Yarinyar ta juyo. Shekararta goma sha uku, amma muryar da ta fito daga bakinta ta ɗan shekara uku ce, siririya, cike da kuka.

"Ba ya buɗewa," ta ce. "Ba ya buɗewa."

Uban ya riƙe ta, ƙato da shi, ta watsar da shi kamar tsumma. Minti bakwai cif tana tsalle, sannan ta sulale ƙasa. Da ta farfaɗo ba ta san abin da ya faru ba, sai tambaya take yi me ya fasa mata dugadugai.

Baban Auta mutumin magani ne, don haka asibiti ya fara kai ta. Aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, likita ya ce lafiyarta ƙalau, a bar ta ta huta. Da magaribar ranar abin ya riƙe ta rabin sa'a. Kashegari ya riƙe ta har aka yi sallar isha'i, kuma da ya sake ta, sai da ta daɗe tana kallon uwarta kafin ta gane ta. Wannan kallon shi ya karya Injiniya. Ta zauna a ƙasa tana naɗe ƙafafun 'yarta da bandeji, tsoro ya cika ta fal, irin tsoron da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta, don ita mai lissafi ce, ta ga yadda lokacin yake ƙaruwa, ta kuma san inda lissafin zai ƙare.

Ran kwana na shida mijinta ya zo da wani malami bayan la'asar. Tsoho ne siriri mai tabarau masu kauri, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan littattafai, mutane kuma suna kiransa idan abu ya fi ƙarfin allura. Bai zo da komai ba sai carbi da gorar ruwa. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida, ya dubi tsakuwoyin, ya dubi ƙafafun yarinyar, sannan ya dubi uwar.

"Baiwar Allah, ruwa ba ya tsami banza. A makon nan, me aka rushe a gidan nan? Me aka sare, me aka zubar, me aka toshe?"

"Babu komai, Malam," ta ce. Kuma har ga Allah a lokacin gaskiya take ganin ta faɗa.

Ya gyaɗa kai. Suka zauna suna jiran rana. Inuwar katanga ta rarrafo ta haye tabarmar, tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka yi tsit, iska ta tsaya. Suka yi sallar magariba a nan tsakar gida, suna sallamewa Auta ta miƙe ta nufi bayan tanki. Malam ya ce a riƙe ta a hankali, ya sa bakinsa kusa da kunnenta ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, ba da sauri ba. Yarinyar ta yi ta fizga, muryar yaron tana kuka. Can sai kukan ya yanke kamar an sa wuƙa. Jikinta ya yi nauyi, ta zauna daram, ta miƙe wuya. Muryar da ta fito yanzu ta babbar mace ce, mai kauri, mai sanyi, kamar daga cikin randa.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona mini ɗa."

"Ke wace ce?"

"Mai gidan nan tun ba a ɗora masa rufi ba."

"Me yarinyar nan ta yi muku?"

"Ba ta yi komai ba." Idon Auta ya juya a hankali ya sauka a kan uwarta. "Tambayi mai tsintsiya."

Muryar ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba da labarin da ya gundure ta. Ta ce su a ɗakin bayan nan suke zaune, ita da ɗanta, kuma 'ya'yansu ba sa saurin girma irin na mutane. Lokacin da aka haifi yarinyar nan, yaron ya ga jaririya ya ƙwallafa rai a kanta, kullum magariba sai ya je wasa da ita.

Nan Injiniya ta tuna. Auta tana wata biyar ta yi wani ciwo, kullum faɗuwar rana sai ta sandare ta yi fari da ido, har sun fid da rai. Rana ɗaya ciwon ya tafi bai dawo ba. Shekara goma sha biyu da wani abu suna gode wa wani maganin ruwa da Baban Auta ya kawo daga kanti.

"Ɗan'uwanki ya gan mu," in ji muryar. "Shi mai zama shiru ne, irinsu sukan gani. Bai yi ihu ba. Ya ce yaro wasa yake nema, bari in gina masa wurin wasa ya bar jaririyar mutane. Ya gina. Ɗana ya bar ta. Ko sau ɗaya ba mu saɓa ba. Ranar nan ya je, ya tarar babu ɗaki, babu rijiya, babu fitila. To ina zai je? Ya koma wurin abokiyarsa ta farko. Gobe kwana bakwai. Daga gobe ba zai ƙara dawo muku da ita ba."

Baban Auta ya yi salati. Injiniya kuwa kalmomin nan uku na Yaya ne ke yawo a kanta. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Malam bai ɗaga murya ba. "Yarinya ba abin wasan kowa ba ce. Zalunci ne, kuma kin sani. Ku fita."

"A bar mana ita magariba kawai, da safe taku ce."

Ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya. Jikin yarinyar ya ɗauki karkarwa, muryar ta yi wani gurnani da ya sa kofunan kicin suka yi ƙara.

"To ku tashi ku bar mana gidan!"

Bai ko ɗaga kai ba. Ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa wuyan riga, har muryar ta koma haki.

"Ɗakin," ta ce a ƙarshe. "A mayar masa da ɗakinsa yadda yake, kafin hasken gobe ya ƙare."

Sai a nan Malam ya tsaya. Ya ce babu yanka, babu turare, babu wani abu da za a ajiye musu da sunan girmamawa. Ya ce za ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ita da ɗanta ba za su ƙara taɓa ɗan Adam a gidan nan ba. Muryar ta rantse, ta ƙara da cewa muddin ɗakin yana nan. Malam ya juya ga Injiniya.

"Ba duk abin da irinsu suka faɗa ake gaskatawa ba, kuma ba bauta za ki yi musu ba. Amma idan kin rushe wa maƙwabci abinsa, mayarwa ake yi. Ni ban san kan injinku ba. Za ki iya mayarwa?"

A sana'arsu wannan tambayar ba ta da wuya. Kowa yana ajiye tarihi, abin da aka goge da azahar ana iya dawo da shi kafin la'asar. Injiniya ta sunkuyar da kai.

"Na zubar da tarihin, Malam. Na wanke faifan. Babu kwafi ko ɗaya."

Aka yi dariya da bakin 'yarta, gajeriya, marar daɗi. Sannan Auta ta faɗi a jikin ubanta.

Tun asuba Injiniya ta shiga ɗakin baya ta rufe ƙofa. Ta tambayi masu taimakon nan uku ko wani yana da tsohon kwafi. Babu, ita da kanta ta roƙe su su goge nasu ranar da aka koma sabuwar ma'ajiya, don kada a samu ruɗani. Abin da ya rage mata shi ne ƙwaƙwalwarta, kuma Allah ya taimake ta, ba ta goge abu sai ta karanta shi layi-layi. Ta fara gini. Bango huɗu babu ƙofa. Rijiya a tsakiya, ɗan gefe kaɗan. Fitila mai rawaya a bangon gabas. Tsakuwa bakwai. Lissafin faɗuwar rana. Ɗan wasa marar suna. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, sai sallah ke tashe ta. Yatsunta suna rubutu, kunnenta yana falo, inda Auta take kwance ba ta ce uffan ba tun jiya. Bayan la'asar ta gama, ta gwada sau uku, komai yana aiki daidai. Layi ɗari da tamanin ya ɗauke ta, abin da Yaya ya yi a ɗari huɗu, kuma ko a wannan halin sai da wani ɗan alfahari ya taɓa zuciyarta.

Malam ya dawo. Aka shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin baya, aka zaunar da Auta a kai, ƙofa a buɗe don Injiniya ta riƙa ganinta daga kujerarta. Hasken tsakar gida ya koma ja, sannan ya fara komawa toka. Agogon kwamfuta ya cika. A jerin masu shiga wasan wani layi ya bayyana, gurbin suna babu komai.

A fuskar kwamfutar wata 'yar inuwa ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ta zagaya rijiya. Ta taɓa fitila. Ta bi tsakuwoyin ɗaya-ɗaya. Inuwar ta nufi kusurwar bayan rijiya, ta tsaya, ta yi tsalle. Ta sake yi.

A kan tabarma Auta ta miƙe tsaye a kan ƙafafunta masu bandeji.

"Ba ya buɗewa!" Kukan ya tsaga gidan. "Ba nawa ba ne! Ba ya buɗewa!"

Tsakuwa ta fara zuba a kan rufi, ba bakwai ba, kamar ruwan ƙanƙara. Muryar babbar macen ta taso ta danne ta yaron: "Mun ce yadda yake. Haske yana ƙarewa, tsoho. Mu mun cika namu."

Malam ya ɗaga murya da karatu karo na farko, uban ya rungume yarinyar ta baya tana jan sa zuwa bayan tanki. Injiniya ta kalli inuwar da ke tsalle a kusurwa, ta kalli 'yarta da ke neman kusurwa, sai abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Daɓen. Da tana gini ɗazu, hannunta da kansa ya ƙirga daɓen daidai, bai ko tambaye ta ba. Kuskuren nan da ta yi wa tsaki, ramin da ake zurmawa a faɗo daga rufi, shi ne wasan. Rijiya da fitila ado ne kawai. Wataƙila Yaya bai yi shi da gangan ba, ya ga yaron ya so shi, ya bari.

Minti huɗu sun tafi. Ta buɗe fayil ɗin, cikin sauri ta kasa samun layin, ta wuce shi, ta dawo. Ga shi nan, tsaf, babu aibu, irin layin da take so a san ta da shi. Shekara ashirin tana aikin nan ba ta taɓa rubuta kuskure tana sane ba. Ta ce bismillahi, ta rage ɗaya. Na'urar binciken da ita da kanta ta kafa don kama irin wannan ɓarna ta fito da jan gargaɗi, ta ƙi barin canjin ya wuce. Ta kashe ta. Ta tura.

Inuwar ta yi tsalle ta dira. Ta sake yi, sai ta ɓace. Ɗakin ya zauna wayam na ƙiftawar ido, sannan ta faɗo daga rufi, ta mirgina, ta tashi da gudu ta koma kusurwar.

Tsakuwar rufi ta tsaya. A cikin shirun, daga bakin Auta, wata 'yar dariya ta fito, ta yaro ƙarami da aka yi wa cakulkuli. Malam ya kama babban yatsan ƙafarta ya ce, "Ku cika alkawari." Babbar muryar ta ce, can nesa kamar mai magana daga bayan gida, "Muddin yana nan." Yarinyar ta yi atishawa sau uku, gwiwoyinta suka saki. Da ta buɗe ido, kai tsaye uwarta ta kalla, ba ta yi jinkiri ba.

"Mama, ƙafata ciwo."

Injiniya ta durƙusa ta rungume ta, ta yi kukan da ta riƙe kwana bakwai, har Malam ya kau da kai yana goge tabarau.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalmansa, waɗanda ta riga ta jera masa. Ya ce su riƙe addu'ar safe da yamma, ita ce katanga ta gaskiya. Sannan ya ce, "Ɗan'uwanki ya yi alheri, amma ya bar rijiya babu murfi babu alama. Ke kada ki yi haka."

Ta koma ɗakin baya. A rajistar saba an rubuta cewa marar suna ya zurma sau goma sha tara a minti biyun da suka rage masa. Saƙonnin 'yan wasa sun fara shigowa, nauyin magariba ya dawo, wa ya ɓata abin da aka gyara? Ba ta amsa ko ɗaya ba. Ta yi kwafin fayil ɗin a faifai uku. Ta tuna cewa ita da masu taimakon sun taɓa maganar rufe wasan baɗi, tunda 'yan wasa suna raguwa, ta san yanzu ko mutum ɗaya bai rage ba, na'urar nan ba za ta mutu ba muddin tana numfashi, kuma wata rana dole ta zaunar da wani ta koya masa.

Sannan ta hau saman fayil ɗin, inda ake rubuta dalili. Ta rubuta komai, da jaririya, da tsakuwa, da rantsuwa, layi talatin, ba ta damu da wanda zai karanta ya ce ta haukace ba. A kan layin da ta rage ɗaya kuwa ta ƙara nata bayanin daban: "Wannan kuskure ne. Na sani. Duk wanda ya gyara shi, 'yata ya taɓa."

Da ta fito, tsakar gida cike take da tsakuwa, tsintsiya tana jingine a inda take kullum. Ta share duka ta kwashe, ban da bakwai ɗin da ke bakin ƙofar ɗakin baya. Har yau suna nan, ɗaya ma ta ɗan fita daga layi, kuma kullum da safe Injiniya takan zagaye su da tsintsiya ta wuce.